Famfon Iskan Garinmu

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur, ina zaune a unguwar Wangsa Maju ina fama da karatun digiri na uku, wani mutum ya tuna cewa shi ɗan garinmu ne. Mahaifinsa dai can aka haife shi, amma shi a Kaduna ya tashi, kuma ban taɓa jin wanda ya gan shi a garin ko da gaisuwar mutuwa ba. Ya daɗe a Malesiya da sunan karatu, ainihin aikinsa kuwa sayen wayoyi yana turawa gida. Dakta muke ce masa, don shi ya fara kiran kansa haka, mu kuma muka gaji da tambayar yaushe ya gama.

Abin da ya tuno masa da mu tafiya ce da ya yi Holan. Can aka kai shi ya ga tsofaffin injinan iska an gyara su, baƙi na biya suna shiga kallo. Da ya dawo wani ya ba shi labarin cewa ai mu ma muna da namu.

Muna da shi kuwa. Dogon ƙarfe ne a bayan kasuwa, da farfela a samansa, tun zamanin Turawa. Iska ke juya farfelar, ita kuma ta jawo ruwa daga rijiyar da ke ƙarƙashi. Ina ƙarama na tarar yana aiki, da kukansa kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Daga baya ya tsaya, fukafukan suka zube ɗaya bayan ɗaya. Mata suka ɗage murfin rijiyar suka ci gaba da ja da guga, har da mahaifiyata.

Dakta ya kira taro wata Lahadi bayan la'asar a wani mamak, irin gidajen abincin nan na Indiyawa Musulmi da ɗalibai ke cika. Ya zo da babbar riga cikin wannan zafi, ya sa aka haɗa tebura, ya rataya ƙyalle a bango. A jikin ƙyallen akwai hoton wani gini mai fukafukai huɗu a tsakiyar furanni, da sunan garinmu a ƙasa.

Na ce, "Dakta, wannan ai ba namu ba ne. Namu ƙarfe ne tsirara."

Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya katse. "Malama, hoto ne kawai don jan hankali. Haka ake yi a duniya."

Ya yi magana har shayinmu ya huce. Ya ce al'ummar da ta bar tarihinta ya yi tsatsa ta mutu. Ya ce wata rana Turawa za su cika motoci su zo garinmu, a hanyar da ko direban kasuwa sai ya yi addu'a kafin ya hau. Da ya ba da damar tambaya na ce, idan an gyara, zai jawo ruwa?

"Muna maganar tarihi, ke kina maganar ruwa," in ji shi. Wasu samari biyu da ke yi masa dako a harkar waya suka yi dariya.

Duk da haka na ba da nawa kuɗin gyaran, kamar yadda kowa ya bayar. Ɗalibai ne mu, alawus ba ya zuwa a kan lokaci, amma wani ɗan Filato da bai san inda garin yake ba shi ma ya sa hannu, don an ce masa ruwa ne na mutanen karkara. Dakta ya san wa zai ce wa ruwa, wa zai ce wa tarihi.

Da hutu ya tafi gida, da mai ɗaukar hoto. Hotuna suka fara zubo mana a waya. An shafe ƙarfen da fenti kore da fari. An yanko kwano an yi sababbin fukafukai, sannan aka sa mai walda ya liƙe su don kada iska ta juya su su lalace. An zagaye wurin da waya, an sa ƙofa, an kafa allon dutse da sunansa a sama, na kwamitinsa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. A kowane hoto yana tsaye ya ɗaga kai sama, hannu a ƙirji.

Mahaifiyata ta kira ni bayan ya baro garin.

"Wai ke ma da ke aka yi wannan aikin?"

Na ce, "Da ni, Inna. Ya yi kyau?"

"Ya yi kyau mana. Sai dai rijiyar na ciki, an sa kwaɗo. Mun je wurin mai unguwa, ya ce makullin na hannun mai aikin. Yanzu sai rafi."

Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Chow Kit. Na sami Dakta a shagon wani ɗan Bangaladash yana cinikin caja. Na gaya masa abin da ya faru, ban ko gaishe shi ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da tarin makullai, ya nuna mini wani ƙarami a tsakanin na mota da na gida.

"Ga shi nan, a adane. Ba za a bar wuri irin wannan kowa ya shiga da bokiti ba. Za su zubar da ruwa, fenti ya ɓare."

Na ce ya ba ni in aika da shi ta hannun mai tafiya gida.

"Boleh, boleh," ya ce, wato ba matsala, yana mayar da makullan aljihu. "Sai kwamiti ya zauna."

Kwamitin bai zauna ba, domin shi ne kwamitin. Matan garin ma ba su jira shi ba. Inna ta ce sun samo almakashin ƙarfe a wurin maƙeri, da rana tsaka suka yanke wayar ta gefen gabas, suka bar masa ƙofarsa a kulle yadda ya bar ta. Allon dutsen kuma ya yi musu daidai da ajiye tulu kafin a ɗora a ka.

Da labari ya iso shi, ya rubuto dogon saƙo a zaurenmu na waya a kan jahilci da rashin godiya. Babu wanda ya amsa. Ɗan Filaton nan ya biyo ni ta gefe ya tambaya ko ruwa ya fara zuwa, na gaya masa gaskiya. Ya ce to, Allah ya kyauta.

Na sake ganin Dakta sau ɗaya kafin in gama, a tashar jirgi. Yana ta bayani ga wasu sababbin ɗalibai a kan wata tsohuwar ganuwa da ke bukatar ceto. Ya ɗago mini hannu, na shiga wani tarago daban.