Butar da Okka Ta Wanke

Idan ka haɗu da Okka Bohlen a kasuwar garin Leer ranar Asabar, ba za ka taɓa cewa da harshenta take cin abinci ba. Mace ce gajeriya mai jiki, 'yar shekara hamsin da biyu, kullum cikin rigar ruwa, tana tura tsohon kekenta. Ba ta shafa turare. Ba ta cin tafarnuwa sai ranar Juma'a da yamma, don warin ya samu kwana biyu ya fita kafin Litinin. Mijinta na fari, wanda shi ne kuma na ƙarshe, shan sigarinsa ne ya raba su, ko da yake ita takan ce akwai wasu dalilan. Shekararta ashirin da bakwai a wani ƙaramin gidan haɗa shayi da ke bakin ruwa, kuma aikin nata ɗaya ne: a jera mata kofuna, ta zuƙa da ƙara kamar wadda ba ta da mafaɗi, ta juya a baki, ta tofar a kwano, ta ce wannan ya yi, wancan a mayar wa mai shi.

Sai dai fa ba shayinmu take ɗanɗanawa ba. Sashenta na shayi mai ƙamshi ne, wanda ake yayyafa wa ganyensa man ɓawon lemu, ko banila, ko mangwaro, ko kwakwa, a zuba a gwangwani mai zane a sayar wa mutanen Berlin da masu zuwa hutu bakin teku. Mu nan baƙin shayi muka sani, mai ƙarfi, wanda in ka sha za ka san ka sha. Ita ma Okka shi take sha a gidanta. Amma a fanninta babu kamarta, wannan ko maƙiyinta ya sani. Za ta zuƙa sau ɗaya ta gaya maka an zuba ƙamshin ne don a ɓoye tsohon ganye.

Mahaifinta Eilert bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a ba. Shi shekara arba'in ya yi yana gyaran ganuwar da ke tare mana teku, kuma yanzu yana zaune shi kaɗai a ƙauyensu can gefen Norden, da shekara tamanin da uku a kansa da yana a ido. Duk ranar da ta je, tun daga ƙofa yake fara mata.

"A'a, malamar turare ce da kanta! Yau kuma wane sabulun kuka dafa wa bayin Allah?"

"Baba, mutane na saye fa."

"Ai maganin sauro ma saye ake yi, ba sha ake ba."

Haka suke, kuma ta fi kowa jin daɗin tsiyar.

A gidan nan akwai buta guda, ta tangaran, fara, da jan fure a jikinta. An ba Gesche, mahaifiyar Okka, ranar aurenta, kuma shekara hamsin da uku ta yi tana dafa shayi a cikinta sau uku a rana har Allah ya yi mata rasuwa shekara biyu da suka wuce. Sabulu bai taɓa shiga cikin butar nan ba. Ruwan zafi kawai, a ɗauraye a kife. Cikinta ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri kamar cikin tsohuwar tukunya, kuma duk matar da ta leƙa sai ta yi wa Gesche barka. Okka na shekara bakwai ta taɓa nufar butar da soso, don taimako, ta sha duka a bayan hannu wanda har yau ba ta manta ba. Tun rasuwar Gesche, in Eilert ya kurɓi kofin farko na ƙarfe uku sai ya lumshe ido ya ce, "Uwarki na nan." Ba wasa yake yi ba. Abin da ya rage masa ke nan.

To, a watan Yunin bara tsohon nan ya faɗo daga keke, wanda tun tuni aka ce ya daina hawa, ya karya wuyan hannun dama. Okka ta tattaro kayanta ta zo zama da shi sati uku. Aiki kuwa bai san da karaya ba. A Yuni ake zaɓen shayin Kirsimeti, rana na dukan mutum yana ɗanɗana kirfa da kanumfari. An haɗo ta da samfur shida daga dillalai shida, a kan ta faɗi wanda za a ɗauka kafin a tashi aiki ranar Talata.

Ranar Talatar, bayan abincin rana, Eilert ya shiga ɗaki ya kwanta. Okka ta buɗe akwatinta a kan teburin kicin, ta tarar ɗaya daga cikin 'yan kofunan jiƙonta masu murfi ya tsage a jirgin ƙasa. Saura biyar. Ƙa'idar aikin kuwa ita ce a jiƙa duka a lokaci guda, da ruwa ɗaya, minti biyar cif, in ba haka ba kwatancen ya zama shirme. Ta duba kicin. Akwai kwalbar zuma da ba komai a ciki, amma gilashi ne, zai huce da wuri ya canja ɗanɗano. Akwai tukunyar ƙarfe, ita ma haka. Abin tangaran mai murfi guda ɗaya ne a gidan, yana nan a kife a gefen taga.

Kar wani ya ce ba ta sani ba. Wallahi a duk garin nan babu wanda ya kai ta sanin yadda man kanumfari ke kama abu. Ita ce ke yi wa sababbin ma'aikata faɗa in suka ajiye gwangwaninsa kusa da baƙin ganye. Ta tsaya da butar a hannu ta ce wa kanta, minti biyar ne kawai. Ta zuba samfur na shida a ciki.

Na ukun ne ya ci. Kirfarsa na zuwa a hankali, ganyen ya fito a bayanta, babu ɗaci. Na ɗaya kamar alewar yara, na huɗu kuwa tsohon ganye ne aka yi wa kwalliya. Na shidan nan shi ya fi kowanne muni, dillalin ya saki hannu da kanumfari har harshe na mutuwa. Ta rubuta, ta buga waya ta faɗa, ta juyo kan butar.

Ta ɗauraye da ruwan zafi, ta shinshina. Kanumfari. Ta sake, ta sake, har sau biyar. Kamar ma ƙaruwa yake. Agogo ya ce biyu da kwata, kuma biyu da rabi tsohon ke tashi. Nan hankalinta ya gudu. Ta ɗauki soso ta ɗiga sabulu, wai ta ɗan shafa sama-sama. Baƙin nan ya fara ɓarewa yana fita falle-falle. Ta tsaya tana kallo. Rabi fari rabi baƙi ya fi komai muni, don haka ta ƙarasa. Cikin minti goma abin da Gesche ta tara a shekara hamsin da uku ya bi magudanar ruwa. Butar ta fito tas kamar yau aka sayo ta, kuma abin takaici, in ka sa hanci sosai, kanumfarin na nan a cikin bakin butar inda soso ba ya kaiwa.

Ƙarfe uku suka zauna. Ta jefa masa dunƙulen sukari a kofi, ta zuba shayin a kai, sukarin ya yi ƙas-ƙas yadda ya saba. Ta zuba kirim ɗin madara a gefe da ɗan cokali, ya nutse ya taso. Eilert ya ɗauka da hannun hagu, ya kurɓa. Bai lumshe ido ba. Ya sake kurɓa, ya tauna baki, ya ƙarasa kofin a hankali. Sannan ya ɗauki cokalinsa ya sa a cikin kofin, wato ya ƙoshi. A kofin farko! Mutumin da ko ranar jana'izar matarsa sai da ya sha ukunsa.

"Baba, lafiya?"

"Cikina ne ba daɗi."

Kashegari ya tambaye ta ko ta canja ganye. Ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa. Ya tambaya ko ruwan famfo ne ya canja. Ta ce ba ta jin haka, nan ma gaskiya ce. Duk abin da ya tambaya sai ta ba shi gaskiya, ta riƙe wadda bai tambaya ba. Ita ke dafawa, ita ke zubawa, ita ke kifewa, shi kuwa da hannu a ɗaure da ido mai hazo, ina zai leƙa cikin buta? A rana ta uku ya daina tambaya.

"Bakina ne," ya ce. "Haka Harm ya fara kafin ya rikice. Komai ya ci sai ya ce takarda."

Harm ƙaninsa ne, wanda ya ƙare bai gane ko 'ya'yansa ba. Okka ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta ji kanta tana cewa, "Wataƙila maganin ciwon hannun ne, Baba. Yakan yi haka." Kunya ta kama ta tun kafin ta rufe baki, amma ta bar maganar a haka. Tsoro take ji, tsoro irin na yarinya, ita da furfura a kanta. Kullum sai ta ce gobe. A ɓoye ta dinga jiƙa baƙin shayi mai kauri a butar ta bar shi ya yi sa'o'i, wai ko zai kama. Ita da ta san abin ba na sati ba ne.

Tsohon ya yi sanyi. Tsiyar ma ya daina. Ya rage cin abinci, ya koma zama a gaban taga yana kallon tumaki a kan ganuwa. In ta zuba masa shayi sai ya sha ɗaya don kar ta ji ba daɗi, ya ce mata sannu da aiki. Wannan sannun ya fi mata zagi ciwo.

A rana ta goma, da hantsi, ya shigo kicin ya ja kujera.

"Ɗauko sabulan nan naki."

"Me za ka yi da su?"

"Jarraba ni za ki yi. Ke ce gwana. In harshen ya tafi, gara in sani, in kira likita tun ina gane sunana."

Ba yadda ta iya. Ta jera kofuna biyar, ta jiƙa masa iri biyar daga abin da ke cikin akwatinta, ba sukari ba kirim. Har yau ba ta iya cewa ko da gangan hannunta ya ɗauko samfur na shida ya sa a kofin ƙarshe ba.

Ya zuƙi na farko, ya yamutsa fuska. "Lemu. Ba mai zaƙin ba, mai ɗacin nan."

"Haka ne."

Na biyu. "Banila. Kamar an narkar da kek a ruwa. Mutane na shan wannan da hankalinsu?"

Na uku ya ɗan jima. "Wannan abin da kika taɓa kawo mana daga Hamburg, uwarki ta ce warin fenti yake."

"Mangwaro."

"Shi."

Na huɗu ya ce kirfa, har ya ƙara da cewa wannan ganyen ba laifi, an dai ɓata shi ne. Fuskarsa ta fara sakewa, har ya ɗan yi dariya. Ya ɗauki na biyar ya zuƙa. Ya ajiye. Ya sake ɗauka ya shinshina, ya daɗe.

"Wannan na san shi," ya ce. "Kwana goma ke nan ina jin sa can ƙasan shayina. Na ɗauka kaina ne ke ƙirƙiro shi."

Ya ture kofin gefe.

"To ashe ba harshena ba ne. Miƙo min butar."

Ta miƙa masa. Ya cire murfin da hagu, ya zura yatsa ciki ya shafa, ya zagaya har ƙasa. Santsi kawai. Ya mayar da murfin a hankali, ya ajiye ta a gabansa.

Sai a lokacin ta faɗa, duka, tana kuka kamar ba babba ba: kofin da ya tsage, da minti biyar ɗin, da soson. Ta ce ya yafe mata. Ta ce za ta nemo tsohuwar buta ko a ina take. Ya bar ta ta gama, bai katse ta ba.

"Kin san inda nake zuwa da safe in na ce miki zan miƙe ƙafa?" ya ce. "Wurin uwarki nake zuwa. Kwana goma ina tsayawa a kan kabarinta ina ba ta haƙuri, ina ce mata na fara manta ta, ba da son raina ba. Sai in dawo in same ki kin ɗora ruwa."

"Baba..."

"Wankin buta kuskure ne, Okka. Kowa na yi, ni ma na fasa abubuwan da suka fi wannan. Kwana goman nan fa? Kina zaune a gabana kina kallona."

Ya jira. Da gaske yake tambaya, ba faɗa yake ba, kuma ta ga yana so ta ba shi amsar da zai iya riƙewa. Ta duba ko'ina a cikin ranta ba ta samu ba. Sai ya dafa teburin ya miƙe, ya ɗauki sandarsa da hularsa.

"Bari in je in gaya mata ba ni ba ne," ya ce, ya fita.