Usur a Ƙofar Asibiti

Ni ba mai fita ba ce. Duk wanda ya san ni a Birnin Gwari ya san in an ga ƙafata a waje, to ko bikin dangi ne ko rasuwa. Karatuna kuma na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshensa ba. Amma Allah bai hana ni kunne ba. Gidanmu yana bakin hanyar da mutanen ƙauye ke bi su shigo gari, randar zaurenmu ba ta bushewa, saboda haka labari shi ke takowa ya same ni har gindin murhu.

Autanmu shi ya kwashe yawon gidanmu kaf. Tun yana ƙarami ba ya tafiya, sai gudu. A kwalejin horon malamai tseren mil guda yake yi, har ya kawo kofi biyu gida, mahaifiyarmu ta mai da ɗaya mazubin gishiri. Da ya gama aka ba shi malamin wasanni a wata makarantar kwana, ya yi shekaru yana horar da 'ya'yan mutane, har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Sai ya nemi canjin aiki. Aka tura shi kwas Kaduna, ya dawo da takarda cewa shi ne sakataren ƙaramin asibitin da aka buɗe mana. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, sule da sisi ake kashewa.

Na ce masa, "Auta, yanzu allura za ka riƙa yi wa mutane?"

Ya ce, "A'a Yaya, ni ba na taɓa marar lafiya. Nawa tsari ne. Wa zai zo aiki yau, magani ya iso ko bai iso ba, kananzir ɗin firji, kati, layi."

Na ce, "Ka ce uwargidan asibiti aka naɗa ka."

Ya yi dariya har da riƙe gwiwa.

Ya sami wurin a hargitse, gaskiya. Ƙofa ɗaya, mutane cunkus, mai ƙarfi ya ture marar ƙarfi, mai sanin wani ya zagaya ta baya. Sati bai cika ba ya fito da usur ɗinsa na filin wasa. Ya sa aka ja layi da farar ƙasa a tsakar asibitin, sak irin na filin tsere. Ya kafa doka: wanda ya riga zuwa shi za a fara gani, ko ɗan wane ne ya bi layi. Kati hamsin a rana, daidai abin da malamin asibiti ɗaya da nas biyu za su iya. In katin ya ƙare ya busa usur, sauran sai gobe. Mutanen gari suka yaba, har suka sa masa Mai-usur. Ni ma kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Sai dai na fara jin wata magana a zaure. Matan Tabanni da na ƙauyukan cikin daji su tsaya shan ruwa a hanyar komawa, in ce, "An ga likita?" su ce, "Kati ya ƙare." Wata Bagwariya da ke kawo mini doya, mai ɗaukar kayanta a kafaɗa, sau biyu tana zuwa da ƙafa a kumbure tana komawa. Kun san abin da nake ce musu? "Sai ku riƙa sammako." Ni da ban taɓa taka hanyarsu ba. Wannan maganar har yau in na tuna ta sai na ji kunya.

Ran nan da damina, bayan azahar, na ɗora ruwan tuwo ke nan, sai na ji sallama. Wani tsoho ne janye da jaki, da wata yarinya matashiya, matar ɗansa, da goyo a bayanta. Na ba su ruwa suka sha. Daga wajen Kakangi suke. Tun asuba suka taso, suka tarar rafi ya cika, suka zauna jiran ya sauka. Kafin su iso an busa usur. Suna neman inda za su kwana ne su kama layin gobe.

Tsohon ya ce, "Ai Mai-usur mutumin kirki ne. Da kansa ya fito ya tambaye mu jikin yaron."

Na ce, "Kuka ce masa me, Baba?"

"Muka ce da sauƙi, alhamdu lillahi."

Na dubi yarinyar. "Ke fa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi."

Ina ganin yadda take kau da ido daga goyon na san ɗan fari ne. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban suruki. Ko wuta ke cin cikinta sai dai ta haɗiye. Amma na ga hannunta ya zagaya baya ta ƙarƙashin mayafi, ta riƙe tafin ƙafar yaron gam. Kuma na ji numfashinsa. Gajere ne, da sauri, a ƙarshen kowane ɗaya akwai wani ɗan nishi, ihm, ihm, kamar mai ɗaga kayan da suka fi ƙarfinsa. Na san wannan nishin. 'Yata ta biyu da shi ta tafi, ita ma da damina, tun babu asibiti a garin. Na san yaron nan da wuya ya kai layin gobe.

Na leƙa katanga na ce wa maƙwabciyata ta duba mini tukunya, in maigida ya dawo daga gona ta gaya masa inda na yi. Na karɓi yaron na goya da kaina, don uwar ba za ta iya roƙo a kansa ba, ni kuwa ba abin da ya hana ni. A hanya wani mahauci ya gan ni ya dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Inna, wa ya rasu?"

Na ce, "Ba kowa. Shi ya sa na fito."

Na sami Auta a ofis yana rubuta wa zai yi aikin safe wa zai yi na yamma, usur rataye a wuyansa. Ya miƙe zumbur.

"Yaya! Ke ce a nan?"

"Ni ce. Yaron nan za a duba, yanzu."

Ya gane tsohon da ke bayana, fuskarsa ta canza. Ya rage murya. "Yaya, na tambaye su da bakina, suka ce da sauƙi. Malamin asibiti tun safe yake tsaye, yanzu ya shiga gida. In na karya doka don ke, gobe kowa da yayarsa zai zo, mu koma gidan jiya."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban yi masa faɗa ba. Na ce, "Auta, ranar tserenka na ƙarshe, gwiwarka ta kumbura kamar kabewa, malaminku ya tambaye ka. Me ka ce masa?"

Ya ce, "Na ce lafiya lau."

"Da kake horar da yara fa, wanda ya ce maka ƙafarsa lafiya, yarda kake yi?"

"A'a. Cewa nake ya taka in gani."

"To wannan ba zai iya takawa ba. Zo ka sa kunnenka."

Na juya masa baya na sassauta zane. Ya durƙusa da gwiwar nan tasa marar lanƙwasuwa, ya kara kunne a bayan yaron. Bai daɗe ba. Sai kawai na ga ya fita ya nufi gidajen ma'aikata a guje, yana ɗingishi, usur na dukan ƙirjinsa. Rabon da in ga gudunsa tun kafin ya bar makaranta.

Ciwon haƙarƙari ne. Aka yi wa yaron allura nan take, aka ba shi gado. Malamin asibiti ya ce da an bari zuwa safe, to sai dai wani ikon Allah. Kwana biyar yaron ya yi a asibitin, a rana ta uku ya nemi nono.

A ranar ta ukun Auta ya zo gida da la'asar, ya kifa turmi ya zauna, ya ƙi cin abinci. Ya ce, "Yaya, ashe ni tsere na shirya. Wa ke riga zuwa? Ɗan gari mai ƙafa lafiya. Shi nake ba kofi kullum."

Na ce, "Ni ma sammako nake ce musu su yi. Ci abincinka."

Bai goge layin ba, don layin ya yi amfani. Amma daga nan kowace safiya shi da nas guda sukan fara daga wutsiyar layi su yo gaba, suna duban ido da tafiya, suna sauraren ƙirjin yara. Ya daina tambayar "yaya jiki", tunda amsarta ɗaya ce a ƙasarmu. Sai ya ce, "Yaushe rabonsa da abinci? Daga ina kuka taso?" Ya kuma ware kati goma a aljihun tebur don mutanen nesa, ba a taɓa su sai la'asar. Wasu 'yan gari sun yi gunaguni, har wani ɗan kasuwa ya ce Mai-usur ya koma bawan ƙauyawa. Bai kula ba. Ya daɗe a aikin nan, daga baya ma manyan asibitoci ya riƙe. Usur ɗin kuwa ni ya kawo wa, na rataye shi a ƙusa saman randa.

Ranar da aka sallame su, tsohon ya tsaya a ƙofar zaure ya yi ta sa albarka har jakin ya gaji. Yarinyar ta shigo ciki ita kaɗai, goyonta yana wasa da bakin ɗankwalinta. Ta durƙusa, ta kwance wani ɗan ƙulli ta ajiye a gabana, daddawa ce curi uku. Na jira in ji ko za ta ambaci yaron. Ba ta ko waiwaye shi ba.

Ta ce, "Inna, an gode da ruwa."

Na ce, "Ruwa ai na Allah ne. A gai da mutanen gida."