Kalmar da Ba Ta Shiga Ƙamus ɗin Malam Abarshi Ba

Malam Abarshi na unguwar Magajin Gari tsohon malamin firamare ne, kuma tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai farautar kalmomi. Ƙamus yake haɗawa na Hausar Birnin Gwari a wani ƙaton littafi mai baƙin bango. Taurin kansa kuwa sai wanda ya gani. Kalma ba ta shiga sai ya ji ta a gari biyu bayan nasu, daga bakin mutanen da ba shi ya sa musu ita ba. In ta cika sharaɗi, ko ashar ce sai ya rubuta.

Sai ga doka ta juyo kan mai ita. Ɗansa Suhaibu, ɗan acaɓa, yana kan hanyar daji ya ji motsi a ciyawa, ya yar da babur ya ranta a na kare. Ashe saniya ce. Kafin mako ya zagayo samarin tasha sun ƙago "suhaibanci", wato tsoron banza. Kunya ta sa Malam ya daina yi wa ɗan magana. Matarsa Furera ta roƙe shi kada ya rubuta, ya ce shi ba ya yi wa ƙamus ƙarya.

Ya hau mota zuwa garin Gayam don ya ji ko kalmar ta kai can. A wurin mai shayi Malam ya ba da labarin wani da ya gudu ya bar babur, bai kama suna ba, ya kasa kunne ya ji me za a kira shi. Aka yi dariya, aka ce ragon maza. Ya yi ajiyar zuciya, har ya ƙara kofi. A Tsohon Birnin Gwari ya maimaita labarin a rumfar wani bakanike mai suna Bature. Nan babu wanda ya yi dariya.

Bature ya ajiye sifana ya ce, "Malam, a dajin nan? Ƙanena ya ji motsi ya tsaya dubawa. Shekara biyu ke nan ba mu gan shi ba."

Kalmar dai ba ta wuce tasha ba, don haka ba ta da gurbi a littafi. Malam ya dawo ya tarar da Suhaibu yana wanke babur a ƙofar gida. Ya daɗe tsaye yana kallonsa, yana hamdala a ransa. Sannan ya leƙa ciki ya ce wa Furera ta zuba musu tuwo, shi da Suhaibu, a kwano ɗaya.