Bayan An Rufe Ofishinmu

Tebur ɗaya muke zama da ita a ofishin wani kamfanin sayar da iri da maganin feshi, a kan Titin Bauchi a Jos. Ni nake karɓar odar 'yan kasuwa, ita take tura musu kaya. Ta girme ni sosai, don haka Anti nake ce mata. 'Yar asalin nan ce, Kirista, gidanta na can bayan Rayfield, ni kuma daga unguwar Ali Kazaure nake zuwa. Tun rikice-rikicen da suka raba unguwannin Jos, kowa ya san iyakarsa. Ban taɓa taka ƙofar gidanta ba, ita ma ba ta san tawa ba, kuma ba mu taɓa tayar da zancen ba. Ofis ya ishe mu.

Da rana takan buɗe kular gwatenta ta turo min cokali. "Ƙanwata, zo ka ci," haka take faɗa, don Hausarta ba ta raba mace da namiji. In na tashi salla ita take amsa min waya. Da na samu cikin fari, ita ta fara ganewa, tun kafin in faɗa wa mahaifiyata.

Wata safiya oga ya tara mu, ya ce an kwashe bayanan kamfani daga babbar kwamfutar ɗakin baya an mayar intanet, wai gajimare ake kiran ma'ajiyar. Daga yanzu kowa zai yi aiki ta wayarsa daga gida, za a saki ofis. Ni dai na yi murna, ga goyo, ga wahalar neman abin hawa kullum. Sai da muke tattara kaya Anti ta dube ni.

"To a ina zan riƙa ganinka?"

Na ce, "Ba ga waya ba, Anti?"

Ta ce haka ne.

Da farko muna kiran juna mu sha hira. A hankali kira ya koma saƙo, saƙon ma ya koma na aiki kawai. Amma kullum ina ganinta ta wata fuskar: in na shigar da oda na leƙa kicin, kafin in dawo ta tura kayan. Tunda aikinta na tafiya, ban taɓa kawo wani abu a raina ba.

Ranar wata Talata ina shanya saƙon oga ya shigo, cewa Anti ta rasu.

Na ce wa maigidana sai na je. Ya ɗauko makullin mashin. Da tambaya muka gane gidan. Ina shiga wata budurwa ta taso ta tare ni, ashe babbar 'yarta ce.

"Ke ce ƙanwar Mama ta ofis," in ji ta. "Ta sha nuna mana hotonki."

Ita ta gaya min wata da watanni Anti na fama da ciwon ƙoda. Daga kan gadon asibiti take tura kayan nan, da hannun da babu ƙarin ruwa. Ta hana a sanar da kamfani don kada a ba wani aikinta, ta kuma ce kar a ɗaga min hankali ina shayarwa. Da muna ofis, ai kumburin ƙafarta kaɗai ya isa in gane.

Na zauna cikin matan cocinsu suna waƙa. Ban san waƙar ba, kuka kawai nake yi. Wata tsohuwa da ban sani ba ta riƙe hannuna har suka gama.

Mako na zagayowa aka ba wani saurayi aikinta. A wani gari yake, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Yana da ladabi a saƙo, kuma ba ya ɓata lokaci.