Hannun Malam Muntaka da Goro

Shekara talatin Malam Muntaka yana taka keken ɗinki a kasuwar Jahun, kuma ban taɓa ganin bakinsa ba goro ba. Maƙwabcina ne, ina son sa, amma gardamarsa ta ishi unguwa. Da likita ya ce gyambon cikinsa ba ya son goro, sai Malam ya tsaya gaban matarsa Larai ya rantse da Allah ya bar shi har abada. Ba wanda ya sa shi rantsuwar, cika baki ne kawai.

Kwana tara ya yi. Ran na goma aka miƙo goron suna a ƙofar gida, yana cikin ba da labari hannunsa ya ɗauka, ya ɓare, ya kai baki. Sai da ya haɗiye ya ga Larai a bakin zaure tana kallonsa. Kaffara ta hau kansa ke nan, azumin kwana uku tunda ba shi da halin ciyar da miskinai goma, ga shi mutum ne da ko karin kumallo aka jinkirta masa sai ya yi fushi da kaji.

Mafita ta zo daga 'yarsu Mahbuba, mai karatun aikin jinya a Dutse. Ta taɓa gaya masa cewa masana sun liƙa wa mutane wayoyi a ka, suka ga ƙwaƙwalwa tana fara shirin motsa hannu tun kafin mutum ya ji ya yi niyya.

Ranar kuwa tana gida hutu, sai Malam ya sa ta maimaita maganar. "Kin ji ko, Larai?" in ji shi. "Ni aka bari a baya. Ƙwaƙwalwa ce ta ɗauka, labari kawai aka kawo mini."

Mahbuba ta ce, "Baba, ai sun ce akwai ɗan lokacin da mutum zai iya tsayar da hannun."

"Wannan shafin ba ki karanta mini ba!"

Larai ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce, "To Malam, ƙwaƙwalwar ta yi azumin. Kai kuma ka taya ta, tunda bakinku ɗaya."

Ran azumi na uku da la'asar na leƙa shagonsa. Wallahi ya ba ni tausayi. Ya zauna a kan hannunsa na dama, leɓe ya bushe, wai gadi yake yi kada a sake yanke shawara ba da shi ba. Na zauna, na ɗauko gorona don in ɗan taɓa, shi kuwa yana ta yi mini bayanin yadda yanzu ya gane dabarar ƙwaƙwalwa sarai, ba ta isa ta sake shammatarsa ba.

Sai na ji tafin hannuna wayam. Na duba, Malam yana tauna, yana ci gaba da bayani. Hannun dama na nan a danne. Na hagun ne ba wanda ya sa wa ido.