Gargaɗi a Kwalbar Man Gyaɗa

Ni na kashe wa kakata kasuwa da jan biro, a shekarar da aka fara Shari'a.

Man gyaɗa take sayarwa a kasuwar Ƙaura, kuma tun kafin a haife ni da tsofaffin kwalaben giya take awo, kamar kowace mai mai. Da aka hana giya sai tsoro ya kama ta. Ni kuma na ƙara mata, na ce ko inuwar koriyar kwalba aka gani a hannunka, bulala tamanin ce. Sai ta sa ni in rubuta "man gyaɗa ne" a takardu, in manna da koko.

A makon ne malaminmu na kiwon lafiya ya ce akwai ƙasashen da doka ta tilasta a rubuta illar giya a jikin kwalba, kamar yadda ake yi a kwalin taba. Abin ya burge ni. Na zauna na rangaɗa GARGAƊI da manyan jajayen baƙaƙe, a ƙasa na ƙara da ƙanana: "Man gyaɗa ne. Yawan shansa na sa tumbi da santsin baki."

"Maigida, mi ka rubuta haka da yawa?" in ji Kaka, don ba ta karatun boko.

"Yabon manki ne, amarya."

Da ta kai kwalaben kasuwa, har azahar ba ta sayar da ko ludayi ba. Mai zuwa ya hango jan rubutu sai ya ja da baya. Kafin la'asar labari ya zaga rumfuna cewa duba-gari sun haramta man tsohuwa. Wata mai tuyar ƙosai daga Sakajiki, wadda ta shekara da shekaru tana ɗaukar rabin kayan Kaka, ta koma wurin mai man da ke kusa da ita.

Wani tela ne ya tsaya ya karanta mata duka da ƙarfi, yana riƙe ciki don dariya.

Ta dawo gida ba faɗa. Ta ajiye mini bokitin ruwa da soso.

"Wanga miji nawa, na sake ka. Kankare."

Na kankare kwalaben tas, har yatsuna suka yi fari. Masu saye sun dawo a hankali cikin 'yan makonni. Mai ƙosan Sakajiki dai ba ta sake sayen man Kaka ba.