Mutumin da Ya Kashe Wuta Ranar Bikin 'Yata

Ƙarfe biyu na rana Mervyn Tulloch yake isa mashigar jiragen ruwa ta Echuca, a bakin kogin Murray, alhali sai shida baƙi ke hawa jirgi cin abincin yamma. Ya loda itacen turare, ya hura murhu a hankali, ya zauna yana sauraron tukunyar tururin da ke tuƙa jirgin kamar mai jinya. Shekara talatin da takwas ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma cikin dubban da suka ci gasasshen rago a benen jirgin, saman kansa, da wuya goma su san sunansa.

A jikin tukunyar akwai ɗan bututun gilashi mai nuna yawan ruwan ciki. Duk rubu'in awa sai Merv ya murɗa famfon ƙarƙashinsa, ya zubar, ya ga ya sake cikowa. Abokan aiki har tsiya suke masa.

"Merv, bar gilashin nan ya huta mana, ko aurensa za ka yi?"

"Ruwan Murray ne, rabinsa laka," yake cewa. "Ban yarda da shi ba, ku ma ban yarda da ku ba."

Ni ban iya iyo ba, tun ina yaro nake tsoron kogin nan. Amma bara, bayan ambaliya, 'yata Bronwyn ta kafe a jirgi za a ci abincin bikinta. Mutum sittin, har da mahaifiyata da ba ta iya tafiya. Na bar abincina. Na sauko wajen Merv, tsohon abokina, na tsaya kusa da murhu, daidai ƙarƙashin teburin amarya.

Rana ba ta faɗi ba tukuna. Merv ya murɗa famfonsa, ruwan ya zube, bai dawo ba. Ya buɗe wani famfon can ƙasa, sai busasshen tururi. Laka ta toshe hanya, tukunyar na shirin ƙafewa a kan wuta.

"Ƙara mata ruwa mana!" na ce.

"Ruwan sanyi a kan jan ƙarfe? Sai dai a tsinci guntayenmu a tsallaken kogi. Matsa baya, ɗan'uwa."

Muryar kyaftin Noel ta faɗo ta bututun magana: "Merv, kwana ce gabanmu, ƙara wuta!"

"Babu wuta, Noel. Nemi bishiya ka ɗaure jirgin."

"Tsoho, ka haukace ne?"

Merv ya buɗe murhu, ya sa ƙugiya yana jawo gungumen da ke ci bal-bal, yana tura su kogi ɗaya bayan ɗaya. Na ji ƙaurin gashin hannunsa. Tayoyin da ke bugun ruwa suka tsaya, igiyar ruwa ta fara jan jirgin a karkace. A sama ana ta rawa, ina jin dukan takalma a kan katako, ina ƙoƙarin gane wanne ne na 'yata. Can sai jirgin ya goga gaɓa, aka jefa igiya.

Bronwyn ta leƙo daga matakala. "Kawu Merv, lafiya muka tsaya?"

Ya ɓoye ƙonannun hannayensa a baya. "Tsohuwar tukunyar ce ta gaji, amarya. Je ki yanka kek ɗinki."

Merv, kai ne ka tsaya gaban tukunyar da ka fi kowa sanin abin da za ta iya yi. Kai ne ka sha ƙorafin baƙi kan tsaiko, ba ka ce uffan ba. Na gode, na gode. Masu gadon murhunka, ku murɗa famfon nan duk rubu'in awa, ko da ana muku dariya.

Ya sa na yi alkawarin yin shiru har lokacin ajiye aikinsa ya zo. Na cika. Bronwyn, yanzu kin san dalilin da duk zafin da ake yi, Kawu Merv ba ya naɗe hannun rigarsa.